Yadda za ka rage kuɗin da magani ke cinye maka, tun daga ɗakin likita har zuwa kantar kemis

Bara da damina, wajen watan takwas lokacin da sauro ya yi ƙamari, ɗiyar ƙanena 'yar shekara 4 ta kwana da zazzaɓi a gidanmu nan Mabera cikin garin Sakkwato. Ubanta ya tafi Illela, ni kuma na yi sammakon wurin aiki, sai uwarta ta goya ta zuwa wani kemis da ke bayan layinmu. Da na dawo da la'asar Inna ta miƙo min leda, da yake ba ta kiran sunana tunda ni ne ɗan fari, ta ce "Kai, duba wanga abu da anka ba yarinyar nan, anya bai yi yawa ba?"

Na zazzage a kan tabarma. Maganin maleriya, sirof ɗin antibayotik, sirof ɗin Flagyl, na tari, farasitamol, na ƙarin jini, ga kuma 'yar takarda da anka rubuta allura sau uku. Kala 7, naira 19,500, kuma ba a ɗauki ko ɗigon jininta anka gwada ba. Bayan kwana biyu gudawa ta ƙaru a kan zazzaɓin, munka kai ta asibiti, anka yi gwajin maleriya babu, likita ya ce mura ce kuma da alama antibayotik ɗin ne ya ɓata mata ciki. Ya tsayar da komai, ya bar mu da farasitamol da ORS, wato ruwan gishiri da suga na gudawa, da zink, duka bai kai naira 2,000 ba, cikin kwana huɗu ta miƙe tana wasa. Tun daga ranar na fara rubuta duk sisin da gidanmu ke kashewa a magani, na kuma riƙa tambayar masu aikin asibiti da na sani, abin da na koya shi ne zan jero a nan.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan da ake rubutawa ko sayarwa a duniya ba bisa ƙa'ida ake yi ba, kuma rabin marasa lafiya ba sa shan nasu yadda ya kamata. A ƙasashe irin namu magani na cin kashi 20 zuwa 60 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a lafiya, a Najeriya kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Wato in an rubuta maka abin da ba ka buƙata, ba gwamnati ce ta yi asara ba, buhun geronka ne ya ragu. Tun 1985 a wani taron masana a Nairobi anka faɗi ma'anar amfani da magani yadda ya dace: majinyaci ya samu maganin da ya dace da ciwonsa, a ma'aunin da ya dace da jikinsa, na tsawon kwanakin da sunka dace, a mafi sauƙin farashi gare shi da al'ummarsa. Ku lura farashi na cikin sharuɗɗan, don haka tambayar kuɗi a gaban likita ba rowa ba ce.

Mataki na farko: kafin ka fita gida

Ka san yaushe ciwon ya fara, ka tattara duk kwalaye da kwalaben abin da mara lafiya ya riga ya sha ka tafi da su, har da na gargajiya. Sau da yawa ana sake rubuta wa mutum abin da ke ajiye a kan taga a gidansa don bai faɗa ba. In yaro ne ka nemi a ɗora shi a sikeli, maganin yara da nauyi ake auna shi.

Akwai kuma alamun da ba a tsayawa lissafi a kansu: jijjiga, yaro ya kasa sha ko kama nono, amai da duk abin da ya ci, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, sanƙarewar wuya musamman da bazara lokacin sanƙarau, jini a bahaya, ko zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata biyu ba. Waɗannan asibiti kai tsaye, kada a biya ta kemis, don biyawar nan ita ce ke mai da ciwon kwana biyu ya koma kwanciyar mako biyu.

Mataki na biyu: gwaji kafin magani

Nan ne mafi yawan kuɗinmu ke zurarewa. Mu nan duk zafin jiki maleriya ne, in bai sauka ba a ce taifot, in an ga kana da hali a ce maleriya da taifot ne a haɗe. Gaskiya ne maleriya ta yi mana katutu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Najeriya suke, amma wannan bai sa kowane zazzaɓi ya zama ita ba. Mura na kawo zazzaɓi, ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, ciwon mafitsara, ƙyanda, duk suna kawowa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya, kuma gwajin nan na tsira yatsa minti 15 zuwa 20 ne kacal, kuɗinsa bai kai na fakitin magani mai kyau ba. In ya nuna babu, kada ka ce "a dai ba ni don kwanciyar hankali", ka ce a nemo abin da ke kawo zazzaɓin.

In ya nuna akwai kuma mutum na iya haɗiya, ƙwaya ce maganin, irin haɗin atimita da lumefantirin, sha shida cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare na kwana biyu, kuma a sha bayan an ci abu mai maiƙo ko an sha madara ko nono don ya shiga jiki da kyau. Kulorokwin kuwa tun wajen 2005 Najeriya ta daina amfani da shi a matsayin maganin maleriya na farko saboda ƙwayar cutar ta daina jinsa, duk wanda ya sayar maka da shi don maleriya kuɗinka kawai ya karɓa.

Taifot ta fi ba ni takaici. Gwajin Widal da ake yi sau ɗaya a miƙo maka takarda mai lambobi ba ya tabbatar da taifot, mutumin da ya taɓa yin ta a baya ko wanda ke fama da maleriya ma yana iya nuna lamba sama. Gwajin da ake dogara da shi shi ne a ɗauki jini a raini ƙwayar cutar na 'yan kwanaki, wanda 'yan lab ke ce wa kalca, ana yin sa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ya fi Widal tsada, na sani, amma ka kwatanta da mutumin da ake yi wa maganin taifot sau uku sau huɗu a shekara da allurai da ƙarin ruwa, ciwon da ke damunsa na ainihi kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Mataki na uku: ƙirga abin da ke kan takarda, ka yi tambaya

Ma'aunin da masana ke amfani da shi wajen duba asibitoci ya nuna a matsakaici bai kamata magani ya wuce kala biyu ga majinyaci ɗaya a zuwa ɗaya ba. Ba ana nufin kala huɗu laifi ne kullum ba, tsoho mai hawan jini da ciwon suga dole nasa ya fi haka. Amma mai ƙaramin zazzaɓi a ba shi kala shida, akwai abin tambaya.

Da yawanmu kunya ke hana mu, muna ganin kamar raina likita ne. Ba sai da gardama ba. Ni ga yadda nake yi, sai ya gama rubutu in ce: "Ranka shi daɗe likita, don in san yadda zan kula da ita a gida, mene ne ke damunta? Wanga na mene ne, wancan fa? Wane ne dole, wane ne in babu hali za a iya bari? Kwana nawa za ta sha?" Wallahi ban taɓa samun likitan kirki da ya ji haushin wannan ba, akwai ma wadda ta karɓi takardar ta soke kala biyu da hannunta ta ce "Malam waɗannan na ƙarfin jiki ne kawai, a ba ta wake da ƙwai da zogale." Kuma a yi musu adalci, likita ɗaya ya ga layin mutane tun safe har azahar, ga lab babu kayan aiki wani lokaci, ga mu kanmu in an ba mu farasitamol kaɗai mu fito muna cewa bai san aiki ba. Rabin dogon rubutun nan mu ne muke roƙonsa da fuskarmu.

Abubuwan da sunka fi cika takarda ba dalili su ne sirof ɗin ƙarin jini ba tare da an auna jinin ba, da bitamin kala kala, da maganin tari ga ƙananan yara wanda ba ya rage kwanakin mura. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ruwan ɗumi da zuma sun ishe shi ga tarin mura, wanda bai kai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam. Sai maimaici: Panadol da farasitamol abu guda ne, yawancin magungunan mura ma akwai farasitamol a ciki, in ka haɗa su ka biya sau biyu kuma ka ɗora wa hanta nauyi.

Mataki na huɗu: allura da ƙarin ruwa

Inna har gobe in ba a yi mata allura ba gani take ba a duba ta ba, na daɗe ina lallashinta a kan wannan. Allura na da wurinta, maleriya mai tsanani da allurar atesunet ake farawa a asibiti, haka wanda ke amai ba ya riƙe komai ko wanda ya fita hayyacinsa. Amma mai iya haɗiya, ƙwaya na yi masa aikin da allura za ta yi a mafi yawan cututtukan yau da kullum. A allura kana biyan kuɗin maganin, da sirinji, da ruwan haɗawa, da ladan mai yi, da kuɗin mashin ko keke zuwa da dawowa safe da yamma kwana uku. Ga haɗari a kai, ƙurji a wurin, ko a taɓa jijiya a ɗuwawun yaro ya riƙa jan ƙafa, ko ciwon hanta in kayan ba su da tsabta. Masu shagon magani na cikin unguwa, waɗanda Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke ba lasisin sayar da ƙananan magunguna, lasisinsu bai ba su damar yin allura ko rataya ruwa ba.

Ƙarin ruwa kuma, ka ɗauki ledar ka karanta, ruwa ne da gishiri ko ruwa da suga. Kalar ɗorawa da kake gani in an tsira wani abu a ciki galibi bitamin B ne. Yana ceton rai ga wanda amai da gudawa sunka tsotse, amma mai gajiya da ke iya shan kunu da fura ba abin da leda biyu za su ƙara masa sai rage aljihu.

Mataki na biyar: antibayotik

Mura da yawancin tari da yawancin gudawar yara ƙwayoyin bairos ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa su ko kaɗan. Gudawar yaro in babu jini a ciki maganinta ORS da zink. A dama leda ɗaya a yawan ruwan da anka rubuta a jikinta, galibi lita ɗaya wato fiya wata biyu, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, in ya kwana a zubar a dama sabo. Zink kuma kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 ga wanda ya wuce wata shida, rabi ga wanda bai kai ba. A ci gaba da ba da nono da abinci. Kafson nan ja da yalo da ake fasawa a zuba wa yara a koko bai dace da yaron da bai kai shekara 8 ba ko mai juna biyu, yana ɓata haƙora.

Asarar antibayotik iri biyu ce, ta yau da ta gobe. Ta gobe ita ce ƙwayoyin cuta su saba da shi su daina ji, sai ciwon da amoksisilin mai araha ke kashewa ya koma sai an sayi allura mai tsada, wani lokaci a canza sau biyu sau uku ana kwance a gadon asibiti. Wani babban bincike ya nuna a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne sunka mutu kai tsaye saboda cututtukan da sunka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a. Shi ya sa tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku, na farawa da su, na taka-tsantsan, da na ajiya sai an rasa mafita. Amoksisilin na gidan farko, sifro da allurar seftiriyazon na gida na biyu, amma yanzu su ake fara miƙa wa mai mura. In likita ya tabbatar kana buƙata, ka saya cikakke ka sha iya kwanakin da ya faɗa. Kafso huɗu na naira kaza da ake yanko maka daga kati ba magani ba ne.

Mataki na shida: sunan magani da sunan kamfani

Kowane magani na da sunansa na asali, da ƙananan baƙaƙe a ƙasan babban sunan da kamfani ya raɗa masa. Coartem da Lonart duk atimita da lumefantirin ne. Augmentin amoksisilin ne da wani sinadari mai taimaka masa. Ventolin na masu asma salbutamol ne, Norvasc na hawan jini amlodifin ne. Mun ga amfanin sanin wannan a 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi kuma kamfanin GSK mai Augmentin da Ventolin ya sanar a watan Agusta zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin Augmentin da Ventolin ya yi tashin gwauron zabi, mutane na ta yawo daga Kofar Atiku zuwa Gawon Nama suna neman suna ɗaya alhali irinsa na wani kamfani na kan kanta a farashi mai sauƙi. Ka roƙi likita ya rubuta sunan asali, a famasi kuma ka ce "nuna min kala biyu ko uku masu sinadari ɗaya da ƙarfi ɗaya, da farashinsu." Ƙarfin shi ne lambar miligiram, ita za ka tabbatar ta yi daidai da ta takarda.

Mataki na bakwai: a gaban kanta

Araha ba ta nufin ka sayi duk abin da anka miƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin kamar katin waya ka kankare ka tura lambar ta saƙo inda anka nuna, kyauta ne, tun 2010 ake wannan tsarin. Kada a manta da My Pikin, sirof ɗin haƙoran da ya kashe yara 84 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008, ko yaran Gambiya wajen 70 da sirof ɗin tari ya kashe a 2022. Maganin da ake talla a faranti ko bayan mashin cikin ranar Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan huɗu, alhali a kwalinsa an rubuta a ajiye ƙasa da 30, ko na gaske ne ya riga ya sha wuya.

Sai haɗi. Ka ce "a haɗa min na ciwon jiki na ɗari biyar" a ƙulla maka ƙwayoyi biyar a leda ba suna ba kwali. Sau da yawa dikilofenak ne da ibufurofen da wani ɗan'uwansu, aikinsu guda, a haɗe kuma suna cin ciki su kawo olsa su taɓa ƙoda, wani lokaci har da deksa a ciki, wato dekzametason, maganin da ba a sha sai likita ya rubuta. 'Yan kabu kabu da masu dako da manoman fadama su ne sunka fi shan wannan kullum da yamma, kuma duk wanda ya taɓa raka mara lafiya wankin ƙoda ya san kuɗin zuwa ɗaya ya fi ƙarfin albashin mutane da yawa. 'Yan mata masu shan sha-ka-fashe don ƙiba su ma deksa ɗin nan ce, kumburi ne take kawowa da hawan jini da suga.

In kuɗinka bai kai ba, kada ka ce a rage kowanne rabi rabi. Ka sayi na dolen cikakke, ka bar na ƙarin.

Mataki na takwas: a gida

Sirof ɗin gari da ake zuba wa ruwa, a yi da tafasasshen ruwan da ya huce, a tsaya daidai layin da ke jikin kwalba, a auna da murfin awo ba cokalin shayi ba. Bayan an haɗa, mako ɗaya zuwa biyu ne ƙarshensa gwargwadon abin da anka rubuta, in babu firij a ajiye a inuwa kusa da randa. Ragowar maganin wani ba a ba wani da shi ko da alamun sun yi kama.

Masu hawan jini da suga, a nan asara ta fi girma in an tsaya. Inna ta taɓa barin nata wata biyu don ta ji sauƙi, kwanciyar kwana uku da ta biyo baya ta ci kuɗin maganin fiye da shekara. Yanzu na wata guda nake saya mata lokaci ɗaya da sunan asali, duk bayan wata uku kuma in kwashe kwalayen duka in kai wa likitanta ya duba ko akwai wanda za a cire.

A yi amfani da abin da yake kyauta. Maganin rigakafin maleriya da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa, kada a jefa shi ƙarƙashin katifa. Gidan sauro a ɗaura shi, rigakafin yara a kammala. Ma'aikacin da ke cikin inshorar lafiya ta tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai yake biya, a jiha kuma akwai SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, ka je ofishinsu ko asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ka tambayi yadda ake rajista da ko gidanka na cikin waɗanda tallafin masu ƙaramin ƙarfi ya shafa.

Littafin da na ce ina rubutawa ɗan ƙaramin littafin makaranta ne mai shafi 40, na ja layi biyar a kowane shafi: rana, wane ne ba lafiya, an yi gwaji ko ba a yi ba, sunayen magungunan, da kuɗi. Yana rataye a ƙusa ɗakin Inna, duk wanda ya kai mara lafiya asibiti a gidanmu da shi yake tafiya ya nuna wa likita shafin baya kafin a rubuta sabo.